Tambaya da Amsa: Gano Yoyon Bututu Idan Ma'auni Ya Ƙi Tsayawa Wuri Ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da na'urar auna matsin ruwa a kan babban bututu, amma alƙaluman hawa da sauka suke yi kullum. Ta yaya za mu san ko yoyo ne ko rawar na'ura ce kawai? Daga wani ma'aikacin ruwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Rawar nan ba lallai ta zama laifin na'ura ba. Duk lokacin da injin tura ruwa ya tashi ko ya tsaya, ko aka murɗa bawul, ko gidaje suka buɗe famfo, sai matsi ya motsa. Abin da ya bambanta yoyo shi ne, idan ya sauke matsi ba ya komawa.

Wahalar ita ce saukar ƙarama ce ƙwarai. Huda mai faɗin milimita 5, a matsin bar 3 (bar ma'aunin matsi ne), tana zubar da kusan lita 25,000 a rana, wato jarka 1,000 mai lita 25, amma a babban bututu da ƙyar allura za ta nuna. Don haka kada ka dogara da karatu ɗaya. Ka sa na'urar ta riƙa ajiye karatu kowane minti, sannan ka ware na tsakanin ƙarfe 2 zuwa 4 na dare, lokacin da gari ya yi barci. Ka tara na mako biyu domin sanin yadda bututun yake idan lafiyarsa ƙalau. Haɗa karatu 100 a fitar da matsakaici yana rage rawar kusan sau 10. Mu mun fi son a jera alƙaluman daga ƙarami zuwa babba a ɗauki na tsakiya, saboda tsalle ɗaya na tashin inji yakan ɓata matsakaici, amma ba ya taɓa na tsakiya. Idan matsin dare ya sauka ya zauna a ƙasa dare uku a jere, ka fara zargi.

Kafin ka kira masu haƙa, ka duba abu biyu. Na farko tsayin ruwa a tanki: mita 1 daidai yake da kusan bar 0.1, wanda ya isa ya rufe alamar yoyo ko ya ƙirƙiro ta. Na biyu ita kanta na'urar, domin takan kauce a hankali idan ta daɗe ba a saita ta ba. Ka kwance ta ka bar ta a iska, dole ta nuna sifili.

Tambaya: Injiniya, an ce da na'ura biyu ana iya faɗin inda bututu ya fashe. Gaskiya ne? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

Amsa: Gaskiya ne, Malama, amma ga fashewar farat ɗaya. Tana faruwa sai saukar matsi ta bi bututu ta ɓangarorin biyu, da gudun kusan mita 1,000 a daƙiƙa a bututun ƙarfe, a na roba kuwa 300 zuwa 400. A ce tsakanin na'urorin mita 2,000 ne, kuma saukar ta riga isa ta farko da daƙiƙa 0.4. Ki ninka 0.4 da 1,000, ki cire 400 ɗin daga 2,000, ki raba biyu: mita 800 daga ta farko.

A nan ne ake yawan tuntuɓe. Na'urar da ke karatu sau ɗaya a daƙiƙa za ta iya ɓatar da ke da mita 500, don haka ana son mai karatu sau 100 a daƙiƙa, kuma agogunan biyu su zama ɗaya ta hanyar tauraron ɗan'adam. Iska kaɗan a cikin bututu tana rage gudun sosai, lissafi ya rushe. Tsohon yoyon da ya daɗe yana tsiyaya kuwa ba ya aika wata alama irin wannan.

Tambaya: A unguwarmu sai bayan kwana biyu ake kawo ruwa. Dabarar daren nan za ta yi aiki? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Ba za ta yi ba yadda take. Idan ruwa ya zo, dare ko rana, kowa cika tanki da randa yake yi, ga iskar da ta cika bututu lokacin da yake fanko. Mafita ita ce a ware unguwar, a ba ta ruwa ba yankewa har tankuna su cika, a buɗe bawulan fitar da iska a wurare masu tudu. Daga nan a riƙa rufe bawulan layuka ɗaya bayan ɗaya, daga nesa zuwa mashigar ruwa, ana kallon mitar da ke auna ruwan da ke shiga unguwar. Layin da rufe shi ya sa ruwan da ke shiga ya ragu da yawa, shi za a bi da sandar saurare cikin dare, daga bawul zuwa bawul, har a kai inda sautin tsiyaya ya fi ƙarfi.