Yaro zai tafi makarantar ƙwallon kwando a wata jiha: me za a duba?

'Yar'uwa, kin ce wani koci ya nemi ɗanki mai shekara 16 ya bar gida ya koma makarantar kwana a wata jihar Amurka, wai masu farautar 'yan wasa na jami'o'i za su fi ganinsa a can. Kina tambaya ko ki yarda.

Makarantun kirki suna nan. Akwai Montverde da IMG a Florida, akwai Oak Hill a Virginia, inda shahararren ɗan ƙwallon kwando Carmelo Anthony ya yi shekararsa ta ƙarshe ta sakandare bayan ya baro Baltimore. Amma wasu suna ne kawai, ba karatun a zo a gani.

Fara da karatun. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, tana buƙatar darussa 16 da ta amince da su, da matsakaicin maki 2.3 cikin 4 aƙalla, kafin yaro ya buga wasa a rukuni na ɗaya, wato babban rukunin wasannin jami'o'i. Shiga shafinta ki duba ko darussan makarantar suna cikin jerin. Nan ne iyaye da yawa ke tuntuɓe, sai yaro ya gama a ce karatunsa bai ƙirgu ba.

Sannan ki tambayi kocin kai tsaye: minti nawa zai riƙa bugawa? Tauraro a gida kan koma zaman benci a can. Maganar kuɗi kuma a rubuce, ba alkawarin baki ba. Ki je da kanki ki ga ɗakin kwanansu, ki ga wanda ke kula da su da dare, da abincinsu.

Kafin ki sa hannu, ki zauna da mai ba ɗalibai shawara a makarantarsa ta yanzu, takardar yarjejeniyar kuma lauya ya karanta.