Me masu matsa wa shugabanni lamba ke nema a ƙananan bankunan Amurka?

Malam, ka tambayi dalilin da zai sa mai kuɗi ya sayi hannun jari a ƙaramin bankin gari, sannan ya ɗaga wa shugabanninsa hankali. Araha ce ya hango. Da yawa cikin waɗannan bankuna asalinsu mallakar masu ajiya ne. In suka fara sayar da hannun jari, sai kuɗi ya taru fiye da abin da za su iya juyawa, riba ta yi ƙasa, farashin hannun jarin ya kasa kai darajar kadarorin bankin. Nan ne masu zuba jari irin su Joseph Stilwell da kamfanin PL Capital suke shigowa.

Wanda ya mallaki fiye da kashi 5 cikin ɗari na hannun jarin banki da niyyar matsa wa shugabanninsa dole ya sanar da hukumar SEC, mai kula da kasuwar hannun jari ta Amurka, a takardar da ake kira 13D, ya faɗi nufinsa. Yawanci suna tsayawa a kashi 9.9, don daga kashi 10 sai an bi ta wajen masu sa ido kan bankuna. Daga nan sai neman kujera a kwamitin daraktoci, a matsa wa banki ya sake sayen hannun jarinsa, ya rage kashe kuɗi, ko a sayar da shi ɗungurungum ga babban banki. Sayarwar ce aka fi so, amma doka ta taƙaita sayen bankin da ya sauya daga mallakar masu ajiya zuwa na masu hannun jari har sai ya cika shekara 3 da sauyawar, saboda haka sai mai haƙuri.

A ganina wasu daraktocin sun cancanci a tashe su daga barci. Sai dai ɗan kasuwar garin da manaja ya san shi ido da ido shi kan kwana ciki in an rufe reshe.