Tambaya da Amsa: Me ya sa aka hana ni ƙara wa majinyaci oksijin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya. An kwantar da wani dattijo mai daɗaɗɗen ciwon toshewar hanyoyin iska na huhu, wanda likitoci ke kira COPD. Na'urar yatsa mai auna oksijin a jini ta nuna kashi 89 cikin ɗari, na kai hannu zan ƙara masa oksijin, sai babbar nas ta hana ni. Ba an koya mana ƙasa da 94 matsala ce ba? Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiyar nas ɗin ce, 'yar uwa. Ga yawancin majinyata ana neman 94 zuwa 98, amma mai COPD tsakanin 88 da 92 ake riƙe shi. Huhunsa ba ya iya fitar da gurɓatacciyar iskar da jiki ke tarawa yadda ya kamata, kuma idan aka cika masa oksijin sai ita wannan iskar ta ƙara taruwa a jini. Za ki ga ya fara gyangyaɗi, yana kukan ciwon kai, magana ta rikice. Masu jinyarsa su ce ya samu barci, alhali suma ke tafe. Amma in ya sauka ƙasa da 88, kada ki tsaya kallo: ki ƙara kaɗan bisa umarnin da aka rubuta, ki kira likita.

Kafin ki taɓa tukunyar oksijin, ki dubi mutumin. Ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. 12 zuwa 20 ne daidai ga babba. In oksijin ya yi ƙaranci a jiki, rashin natsuwa da ruɗewa su ke fara bayyana. Canjin launi zuwa shuɗi yana zuwa a makare, kuma a baƙar fata sai kin duba harshe da dasashi da cikin leɓe. Ki tayar da shi zaune, ko ya ɗan sunkuya gaba ya dafa tebur, ya shaƙa ta hanci yana ƙirga biyu, ya fitar ta baki da leɓe a tsuke yana ƙirga huɗu.

Na'urar ma tana ƙarya. Yatsa mai sanyi, motsi, jan farce ko baƙin lalle duk suna ɓata lissafinta. Mafi haɗari shi ne wanda ya shaƙi hayaƙin janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki: na'ura za ta iya nuna 98 alhali jininsa cike yake da guba.

Tambaya: Mene ne bambancin robar hanci da abin rufe fuska wajen ba majinyaci oksijin? Daga wani mai karatu, Maraɗi.

Amsa: Robar hanci ana buɗe mata lita 1 zuwa 6 a minti, sai dai daga lita 4 takan busar da hanci. Abin rufe fuska na gama-gari lita 5 zuwa 10 yake so. In aka yi ƙasa da 5, majinyaci zai riƙa sake shaƙar iskar da ya fitar. Abin rufe fuska mai jaka kuwa na gaggawa ne, lita 10 zuwa 15, kuma sai jakar ta cika kafin a ɗora masa. Kada a shafa basilin a hancin da ya bushe, kada kuma a kunna sigari ko ashana kusa, domin oksijin yana rura wuta.