Kwamfutarka suma take yi ko daskarewa? Amsoshin tambayoyinku kan kalmomi da karin magana

Assalamu alaikum. Tambaya ta farko daga wani ɗan'uwa ce mai shagon buga takardu da fotokwafi a Zariya. Ya ce kwamfutarsa ta tebur kusan kullum yana cikin aiki sai allon ya koma shuɗi da wasu rubuce-rubucen Turanci, ta kashe kanta ta sake tashi, an yi mata formatin har sau biyu amma abin bai daina ba. Da ya kai ta wajen wani dattijon mai gyara sai ya ce masa "ai kun bar jaki kuna dukan taiki". Yana so ya san me karin maganar ke nufi, sannan wace kalma ce ta dace da wannan abin da kwamfutar ke yi, don shi daskarewa yake ce masa.

Toh ɗan'uwa, Allah ya kawo sauƙi, na san in kayan sana'a ya fara haka hankali ba ya kwanciya, ga kwastoma a tsaye ga aikin mutane ya tafi. Bari mu fara da kalmar. Daskarewa ba ita ba ce. Abin da ya daskare yana nan a gabanka sai dai ba ya motsi, kamar kitse ko man shanu lokacin sanyi, don haka in allo ya tsaya cak da aikinka a kai, ka motsa linzami, wato maus, ya ƙi, ka danna madannai shiru, wannan ita ce ta daskare. In ka kunna ko fitila ba ta kawo ba, wannan mu ce ta mutu. Taka kuwa hankalinta ne ke gushewa na ɗan lokaci sannan ta farfaɗo da kanta, kaga kenan suma ta fi dacewa. Ina nanata wannan ne saboda in ka je wajen mai gyara ka ce masa ta daskare alhali suma take yi, tun daga bakin ƙofa ka ɗora shi a kan wata hanya daban.

Kuma ka sani wannan sumar Windows ce, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, da kanta ke jawo ta da gangan. In ta ci karo da kuskure a can cikin ƙashin bayan tsarinta wanda in ta ci gaba da aiki a haka za ta iya lalata maka fayil-fayil, sai ta gwammace ta tsaida komai, ta rubuta dalili a allo, ta sake tashi. Wato rubutun nan da kake gani bayani ne take maka, mutane ne dai ba sa tsayawa su karanta.

Sai taiki. Yaran yanzu da yawa ba su san shi ba, babbar jaka ce ta fata da ake zuba hatsi ko wasu kaya a aza wa jaki. In jaki ya turje a hanya mai shi ya ɗaga sanda ya riƙa zabga wa taikin, jakin bai ji komai ba, tafiya ba ta ci gaba ba, ƙarshe ma jakar ce za ta fashe hatsi ya zube. Ana faɗin wannan magana ga wanda ya bar mai laifi ko ainihin tushen matsala ya koma yana hukunta abin da ke kusa da hannunsa. Dattijon nan ya yi gaskiya wallahi. Formatin goge manhaja ne a sake zuba sabuwa, in har an yi sau biyu ciwon na dawowa to da wuya laifin ya kasance na Windows, a duba ƙarafunan ciki, ko kuma wata manhajar da kuke sake sakawa duk lokacin da aka gama.

Ga yadda ake nemo jakin. In ta sake suma, ka yi sauri ka ɗauki hoton allon da wayarka, daga ƙasa akwai wasu kalmomi da manyan baƙaƙe. In ka ga MEMORY_MANAGEMENT, ko kuma yau wannan rubutu gobe wani daban jibi wani, zargi na farko ram ne, wato ɗan sashen da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi a cikinsa. A kashe ta, a zare wayar wuta daga soket, a buɗe akwatin a ciro ram ɗin a goge bakinsa mai ruwan zinare da abin goge fensir a mayar har sai ya ce ƙas. In guda biyu ne a saka ɗaya kaɗai a yi aiki da ita kwana biyu, sannan a musanya, wanda ke da ciwon zai tona kansa. Windows ma tana da nata abin gwajin, ka rubuta mdsched a wurin bincike, za ta sake tashi ta auna ram ɗin, masu gyara kuma sun fi son wani abin gwajin ram mai suna MemTest86 da ake ɗorawa a filas a bar shi ya kwana yana zagayawa. In kuwa kullum suna ɗaya kake gani mai ƙarewa da .sys, to direba ne, wato 'yar manhajar da ke sada Windows da wani sashe kamar firinta ko katin hoto, misali nvlddmkm.sys na katin hoton Nvidia ne. Shi maganinsa a cire shi a saka wanda ya dace daga kamfanin da ya ƙera kayan. Ka tambayi kanka ma, me na sabunta ko na jona mata dab da fara wannan ciwo? Mai shago irinka sau da yawa sabuwar firinta ce ko sikana. Kuma duk sumar da ta yi tana ajiye ɗan rahoto a wata folda mai suna Minidump a cikin foldar Windows, mai gyaran da ya san aikinsa nan zai fara leƙawa kafin ya ce maka a goge komai, formatin kuwa da waɗannan rahotannin yake tafiya.

Abu ɗaya dai don Allah, kar a canza abu uku rana ɗaya. A taɓa ɗaya, a jira, a gani.

Duniya ma ta ga irin wannan ranar 19 ga Yuli 2024, da kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike a Amurka ya tura wani sabuntawa mai kuskure, kwamfutoci kusan miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft suka koma shuɗin allo, jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Kwamfutocin lafiyarsu ƙalau, fayil guda ne ya jawo, ana goge shi suka tashi.

Wata malama daga Maraɗi ta ce shin shuɗin allo za a ce ko bulun allo? Malama duka biyun ana ji, bulu aro ce daga Turanci kuma ta zauna a bakin mutane, amma ni shuɗi nake rubutawa don muna da abinmu tun kafin zuwan Turawa. Namiji shuɗi, mace shuɗiya. Launin da marina ke fitarwa ne daga ganyen baba, irin na karofin Ƙofar Mata a Kano da turkuɗin garin Kura, daga wannan sana'a ne ma muka samu "mai hannu da shuni" ga mai dukiya. Allo kuma daga Larabci ya zo, shi ne dai na makarantar allo, ma'anarsa ta faɗaɗa har ta kai ga fuskar talabijin da kwamfuta. Sai dai ki sani a 2025 Microsoft ta mayar da wannan allon baƙi a sababbin Windows 11, don haka in naki baƙi ya nuna da rubutu iri ɗaya ciwon guda ne, shi ya sa ma na fi son a riƙe kalmar suma tunda ita ba ta rataya ga launi ba.

Na ƙarshe wani ɗalibi ne, ya ce tasa kwamfutar sai da rana tsaka ko in ya buɗe aiki mai nauyi take yi, babansa ya ce masa ruwa ba ya tsami banza, shi kuma bai gane ba tunda ruwa ai ba ya tsami. Yaro ai nan ne hikimar take. Ruwa zalla ba shi da tsami, in ka kurɓa ka ji tsami to an jiƙa wani abu a ciki, ko tsamiya ko gasara, ko da idonka bai gani ba. Ma'ana duk abin da ya sauya daga yadda aka san shi akwai sanadi. Kai kuma ka riga ka faɗi naka sanadin da bakinka, rana tsaka da aiki mai nauyi zafi kenan. Ka buɗe akwatin ka duba fanka, bayan hunturu za ka tarar ƙura ta yi kamar auduga a tsakanin haƙoran ƙarfen da ke sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, iska ba ta wucewa. A hure ta da abin hura iska, a tabbata fankar na juyawa, in kwamfutar ta kwana biyu a sa mai gyara ya canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen don yana bushewa, kuma a ɗaga ta daga ƙasa a janye ta daga jikin bango. In an yi haka ba ta daina ba sai a juya ga fawa fak, wato akwatin da ke raba wa sassan kwamfutar wuta, musamman a gidan da ake yawan sauyawa tsakanin wutar gari da janareta, a ari wani mai kyau a gwada kafin a kashe kuɗi, sannan in da hali a nema mata UPS, wato akwatin batir da ke riƙe mata wuta in an ɗauke, ko da ƙarami ne.