Makulli biyu ba shi ne ke cin kuɗin motarka ba

Wani ɗan kasuwa ya turo tambaya, yace ya sayi tsohuwar a-kori-kura ta hannu don jigilar kaya, aka bashi makulli biyu, ɗaya na ƙofa ɗaya na tayar da mota, ya miƙa su duka ga ƙanin matarsa da ke tuƙa ta. Yana so ya sani ko ya kashe kuɗi a mayar masa da su makulli guda, don yaron yana ƙorafin wahala. A ƙarshen saƙon kuma, kamar abin da ba komai ba, ya ƙara da cewa da farko sawu huɗu ake yi a rana yanzu ya koma biyu amma kuɗin mai bai ragu ba, kuma yana sa ran nan da wata shida ya ƙaro mota ta biyu daga ribar wannan.

Toh Alhaji, ka bar jaki kana dukan taiki. Amma bari in fara sallamarka kan makullin tunda shi ka tambaya.

Baka faɗa min ƙirar motar ba, kuma amsar ta dogara da hakan. In Chevrolet ce ko GMC ta shekarun 1980 zuwa farkon 1990, haka kamfanin ya fito da su, mai kai murabba'i na tayarwa, mai zagayayyen kai na ƙofa, kuma zanen jikinsu ma ba ɗaya bane, wannan baya shiga ramin wancan, don haka mai yankan makulli ba zai iya haɗa maka su ba sai dai a canza makullan gaba ɗaya, kuɗi ne zaka zubar a banza. In kuwa irin su Hilux ce da aka saba makulli guda ke buɗe ƙofa ya tayar da inji, to makulli biyu na nufin an taɓa canza wani abu, ko wajen tayarwar ya lalace aka sa sabo, ko an yi hatsari aka sauya ƙofa, ko kuma an taɓa ɓalle ta. Yawanci na farkon ne kuma ba abin tashin hankali bane, amma ka duba lambar shasi da ta inji ka gwada da takardunka yau, kar ka bari sai ranar da aka tsare motar da kayan mutane a ciki.

Shikenan zancen makulli. Yanzu ka zo nan.

Motarka a ina take kwana? Na san amsar, a ƙofar gidan ƙanin matarka, da makullan biyu a aljihunsa, kuma babu littafi ko na aljihu da aka rubuta sawun yau nawa, kayan wa aka ɗauka, mai lita nawa aka sha, mitar mota tana kan nawa da safe tana kan nawa da dare. Kai da kanka ka bani lissafin: sawu ya faɗo daga 4 zuwa 2, mai yana nan yadda yake. Mota bata shan mai a tsaye. Sawu biyu a rana sau kwana 26 na aiki, sawu 52 kenan a wata da tayarka da injinka da birkinka suka yi wa wani, sannan in ta lalace kai za a kira ka kawo kuɗin gyara. Ban ce yaron ɓarawo bane, bana ganin gaibu, amma kai ma baka da abin da zaka wanke shi da shi, kuma laifin wannan naka ne.

Na taɓa zama da wani mai sayar da kayan gini da ya ba ɗan wansa mota irin haka, kunya ta hana shi tambayar lissafi, kullum ana ce masa kasuwa ba daɗi, sai da injin ya buga bakanike ya duba yace wannan motar aikin dare da rana take yi. Ashe yaron har kwastomominsa na kansa yake da su, ya ma yanka wa abokinsa makulli suna karɓa-karɓa. Motar ta tafi, kuma har yau iyalan biyu basa gaisawa da kyau, zumuncin da yake tsoron ɓatawa da tambaya shi ne ya ɓaci.

Ka lura da zancen yankan makullin nan. Tsofaffin motocin nan makullinsu ƙarfe ne zalla, ba irin na zamani mai ɗan cif a ciki da ya fara yaɗuwa tsakiyar shekarun 1990 ba, cikin 'yan mintuna ake yanko kwafinsa, wasu ma ramin ya cinye har makullin wata motar yana murɗa shi. Don haka karɓe makulli kaɗai ba zai ishe ka ba. In zaka kashe kuɗi, ka kashe wajen sa sabon makullin tayarwa, ka riƙe na ajiya a wajenka, ka bar na ƙofa yadda yake. Rabuwarsu ma alheri ce gareka, yaron mota ko mai lodi zai iya riƙe na ƙofa ya ɗauko takarda ko igiya ba tare da ya iya motsa motar ba.

Motar ta dawo kwana inda idonka yake, makullin tayarwa ya kwana a hannunka, da safe ka rubuta mita ka miƙa, da dare ka rubuta ka karɓa. Ku ƙayyade albashinsa ko kasonsa a fili a gaban yayarsa, a rubuce, don wani lokacin rashin tsayayyen haƙƙi ne ke sa direba ya biya kansa da kansa. In yayi fushi wai baka yarda da shi ba, kace masa ko ɗan cikinka ne haka zaka yi, ka barshi ya huce.

Zancen mota ta biyu nan da wata shida kuwa don Allah ka ajiye shi. Tsohuwar mota ce, kafin ka kira komai riba sai ka ware mata nata na taya da gyara, ni ina cewa aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ta shigo da shi. Ka yi wata uku kana rubutu, ka turo min littafin, sannan mu ga ko wannan ɗin ma tana riƙe kanta.