Baƙin Hayaki a Motar Gazuwal: A Fasa Matatar Salansa Ko A Gyara Inji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da a-kori-kura mai shan gazuwal, 'yar Turai ce ƙirar 2012. Da ita nake jigilar gero da wake tsakanin Maradi, Dakoro da Tasawa. 'Yan watannin nan, in na taka wuta da kaya sai ta turnuƙe da baƙin hayaki, ƙarfinta kuma ya ragu. Makon jiya jandarma ya tsayar da ni, ya duba takardar bizit, wato ta gwajin lafiyar mota, ya ce in je in gyara. Bakanikena ya ce a fasa tukunyar da ke jikin salansa a kwashe cikinta, a toshe bawul ɗin EGR, magana ta ƙare. In yarda? Daga wani direba a Maradi.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka yarda tukuna, domin ba daga salansa ciwon ya taso ba.

Baƙin hayaki gazuwal ne da bai gama ƙonewa ba. Ko dai mai ya yi wa injin yawa, ko iska ta yi masa kaɗan. A ƙasarmu mai rairayi, na biyun ya fi yawa. Kafin ka kashe ko dala, buɗe gidan filtar iska da hannunka, ka ɗaga ta ga hasken rana. Motar da ta sha hanyar ƙauye da hunturu, za ka tarar filtarta ta koma ja, in ka buga ta a taya ƙura ta cika tafi. Yara a gareji sukan hure ta da iska mai ƙarfi su mayar, alhali hakan na iya yaga takardar, yashi ya wuce kai tsaye zuwa turbo, na'urar da ke cusa wa inji iska. Sabuwa ta fi.

In filta lafiya lau, a bi robobin da ke kai iska daga turbo. Tsagewa kamar ta reza ta isa. Za ka ji fito in ka taka wuta, ka ga maiƙo baƙi a wurin. Daga nan sai injekta, masu fesa gazuwal cikin inji. Motar 2012 tana fesa mai ne da matsi mai tsanani ta ƙofofi sirara kamar gashi, ba ta jure gazuwal mai ruwa ko wanda aka sirka da kananzir. In kana sha a wurin 'yan ruwa-ruwa a bakin hanya, nan zan fi zargi. A kai injektocin inda ake gwada su a na'ura, kada a yi canke. EGR kuwa hayaki kaɗan take mayarwa cikin inji don rage zafin ƙuna. In ta maƙale a buɗe saboda kunkunniya tana kawo irin wannan hayakin, kuma wankewa take so.

Ka lura da launi ma: shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi yakan nuna ruwa na shiga silinda.

Ita tukunyar sunanta DPF. Tun daga ƙa'idar rage hayaki ta Euro 5 ta 2009 motocin gazuwal na Turai ke zuwa da ita. Tana kama kunkunniya, sannan ta ƙone ta da kanta in zafi ya kai wajen digiri 600, abin da ke son doguwar tafiya kamar ta Maradi zuwa Zinder. Ga abin da nake so ka riƙe: mota mai lafiyayyar DPF ba ta fitar da baƙin hayaki. Tunda kana ganinsa, mai yiwuwa ko ta tsage, ko an riga an kwashe cikinta kafin motar ta zo hannunka. Fasa ta ba zai hana gazuwal ɗinka tafiya a banza ba.

Batun hukuma kuma, jandarman bai zalunce ka ba. A 2012 sashen binciken kansa na Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ya sa hayakin gazuwal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar huhu. Wanda ya fi shaƙa shi ne yaron motarka da ke zaune kan buhuna, da mai kabu-kabun da ke bayanka, da mai tuyar ƙosai a tasha. Wannan ne ke damuna fiye da tara. A waje abin ya yi tsauri ƙwarai: a Ingila motar da aka cire wa DPF ba ta cin gwajin shekara, a Amurka kuma kamfanin Cummins ya amince a ƙarshen 2023 zai biya dala biliyan 1.675 kan na'urorin kauce wa gwajin hayaki a injinan motocin Ram. A yankinmu, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, CEDEAO, ta amince a 2020 da ƙa'idar Euro 4 da gazuwal mai ƙarancin salfa, tun Nijar na cikinta.

Je wurin mai kwamfutar duba mota ya karanta abin da injin ke kuka da shi, a canza filtar iska da ta gazuwal, a gwada injekta. In DPF tana nan kuma toshewa kawai ta yi, ana sauke ta a wanke. Wajen juye kuma ka nemi baƙin mai marar toka da yawa, wanda aka rubuta C3 ko makamancinsa a jikin galan, gwargwadon abin da littafin motar ya ce.