Hayaƙin Murhu Ya Tafi, Me Ya Sa Tarin Bai Tafi Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifiyata ta haura shekara 60, ba ta taɓa shan taba ba, amma tari da kaki da haki sun addabe ta. An gwada, ba tarin fuka ba ne, sai aka ce mana hanyoyin numfashinta ne suka toshe. Ta yi sama da shekara 30 tana tuwon sayarwa da itace, amma shekara uku ke nan da muka saya mata gas. Me ya sa ciwon bai rabu da ita ba? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ba Hajiya lafiya. Abin da kika bayyana ya yi kama da cutar da likitoci ke kira COPD, wato daɗaɗɗiyar toshewar hanyoyin numfashi, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta kashe mutum fiye da miliyan 3 a shekarar 2019, kuma ba mashaya taba kaɗai take kamawa ba.

Mutane da yawa suna zaton hayaƙi shafe huhu yake yi kamar yadda kunkunniya ke shafe rufin madafa, har suna shan madara wai don su wanke shi. Da haka abin yake, da ya zo da sauƙi. A cikin hayaƙin itace akwai ƙananan ɓurɓushi waɗanda silin gashin kai ya fi su kauri wajen sau 30, su ne ke wucewa har can ƙarshen huhu, inda miliyoyin jakunkunan iska ke miƙa wa jini iskar oksijin. Can suke haddasa wasu sinadarai masu cin abu kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Ƙwayoyin halittar huhu suna da nasu makarin, to amma wadda ke shaƙar hayaƙi safe da yamma shekara da shekaru, makarin kan gaza, sai furotin ɗin da ƙwayoyin ke haɗawa ya riƙa fitowa a lauye yana taruwa a cikinsu, su galabaita.

Ƙwayar da ta galabaita ba ta yin shiru. Saƙon neman agaji take aikawa, fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi zuwa wurin, har ya kumbura. Makamin da suka zo da shi, wato sinadarin elastas, bai san na gida ba, domin yana narkar da zaren da ke ba jakunkunan iska damar buɗewa su koma. Jiki yana da wani furotin da hanta ke yi don ya taka masa birki, wanda masana biyu, Laurell da Eriksson, suka gano ƙarancinsa a wasu masu ciwon huhu a Malmo ta ƙasar Sweden a 1963. Abin takaicin shi ne, tsatsar nan ta hayaƙi tana raunana shi kansa mai tsaron.

A nan amsar tambayarki take. Jakar iskar da ta yage ba ta ɗinkuwa, kuma wasu ƙwayoyin da suka jigata ba sa mutuwa, ba sa aiki, sai dai su tsufa a wurin suna ta kiran agaji, don haka kumburin kan ci gaba bayan an kashe wutar murhu. Farfesa Peter Barnes na Kwalejin Imperial a Landan ya nuna cewa wannan galabaita tana rage sinadarin da magungunan siteroyid masu rage kumburi ke dogara da shi, shi ya sa abin shaƙar da ke yi wa mai asma aiki sosai ba lallai ya yi wa Hajiya haka ba.

Gas ɗin da kuka saya ba asara ba ce, a ganina shi ne mafi girman abin da kuka yi mata, domin ya rage saurin lalacewar abin da ya saura. Ku nemi a yi mata gwajin hura iska, ku roƙi likita ya duba yadda take amfani da abin shaƙa, kada kuma ta daina ɗan tattaki don gudun haki. A kawar mata da turaren wuta da maganin sauro na kunnawa, kuma idan hazon hunturu ya sauka ta sa takunkumi. Ranar da kakin ya canza launi, ko haki ya hana ta ƙarasa magana, a kai ta asibiti a ranar.